Tafin Hannu a Ƙofar Kanya

Ranar Talata ce, sha huɗu ga watan Mayu, ƙarfe goma da rabi na safe, Malam Bagudu mai koyar da tarihi ya kai 'yan ajinsa su ga Ƙofar Kanya. Ita kaɗai ta rage daga tsohuwar ganuwar garin. A shekarar da ta wuce mutanen gari, don ƙauna, suka shafe ta da siminti, shi ma da yardarsa. Da isarsu suka tarar simintin ya ɓantare ya faɗo, ƙasar da ke bayansa ta jiƙe sharkaf. Ashe siminti ya hana ginin ƙasa shan iska, danshi ya kwanta a ciki. Hukuma ta ce in ba a gyara ba kafin damina ta zauna, za ta turo katafila, kada ƙofar ta faɗa wa mutane.

Malam ya gaya wa ɗalibansa gaskiya: ya san shekarar da aka gina ƙofar, amma bai san yadda ake gina ta ba.

Wata ɗaliba, Lantana, ta shiga bin tsofaffin mata gida-gida tana tambaya, har aka gaya mata cewa maginin da ya yi wa ƙofar yaɓen gargajiya na ƙarshe yana raye a wani ƙauye, ya makance. Sunansa Baba Tankari. Ta je ta durƙusa a gabansa.

Ya ce, "Ku je ku kira masu simintinku."

Ta ce, "Baba, ai su muka kira, shi ya sa na zo."

Ya ce, "Ke jikar wa ce, mai bakin nan?" Ya yi dariya, ya ce a miƙo masa sandarsa.

Tsoho ya zo, amma ba ido, ba ƙarfi. Sai Sallau, wani ɗan manomi a ajin, ya zama hannunsa. Shi ya ja 'yan aji suka ɓamɓare simintin, suka buga tubali, suka jiƙa kwasfar ɗorawa don haɗa makuba, shafen da ruwa ba ya ci. Yakan kawo kwaɓi, tsoho ya murza da yatsa ya ce, "Wannan kunu ne, ɗan nan. Sake!" Sallau ya yi ta taka ƙasa har dugadugansa suka tsage, bai taɓa cewa ya gaji ba.

Aiki bai ƙare ba, wata rana da la'asar hadari ya haɗu, ruwa ya goce. Kowa ya fake cikin ƙofar. Tsoho ya kasa kunne ya ce, "Me ya sa ba na jin indararo?" Gambo, wanda Malam ya sha kora daga aji saboda barci, ya ɗauki guduma ya haye bisa. Ya tarar siminti ya toshe bakin indararo, ruwa ya taru a kan rufi har idon sawu. Ya yi ta bugu har ya fasa, ruwa ya tsiyaye. Ya sauko hannu na jini, rufi bai rufta ba.

Ranar da aka gama, hukuma ta janye maganarta. Malam ya miƙe zai yi jawabin godiya. Sai tsoho ya ce al'adar magina ce a bar tafin hannu ɗaya a bisa ƙofa, na wanda ya fi tsaya mata, tun shafe bai bushe ba. Ya ce, "Ni tafina ya taɓa hawa. Malam, zaɓi cikin 'ya'yanka."

Jama'a ta watse. Aka bar Baba Tankari a kan tabarma, da Lantana, da Sallau, da Gambo mai ɗaurarren hannu, da Malam Bagudu a gindin tsani, shafe kuwa yana ta bushewa.

To, ku da kuka ji, tafin wa ya kamata ya hau ƙofar nan?