Kujera Ta Uku a Jirgin Dokta Girgis

Akwai wani matuƙin jirgin sama a nan Alƙahira, ɗan unguwarmu ta Misr al-Jadida, ana kiransa Kyaftin Midhat. Dogo ne mai tsabta, irin mutanen nan da ko biredi za su fita saya sai sun ɗora baƙin tabarau. Ya iya aikinsa, wannan ba na musu. Matsalarsa ɗaya ce, shi ma ya san ya iya.

Mahaifinsa Ra'fat, wanda kowa a layinmu ke kira Bashmuhandis, wato babban injiniya, shekara ashirin da takwas ya yi yana tashi a jiragen farko masu injin jet. A waɗancan jiragen mutum uku ne a gaba. Matuƙa biyu suna kallon hanya, na ukun yana bayansu zaune a karkace, yana fuskantar bango cike da agogai da maɓallai. Shi ke kula da mai da wuta da lafiyar injuna. Kujerar Ra'fat ke nan, har zamani ya kawo jiragen da ba sa bukatarta.

Ranar da aka ɗaura wa Midhat igiya ta huɗu a kafaɗar rigar aiki ya zama kyaftin, an yi walima a gidan. An ci mahshi, wato kayan lambu da aka cusa wa shinkafa, da agwagwa, falo ya cika da abokan aiki da surukai. Can sai dattijon ya miƙe da kofin shayi a hannu, ya ce, "Ɗana, abu ɗaya zan gaya maka game da jirgi."

Midhat ya tuntsire da dariya. "Haba Baba! Aikinku fa yanzu wata 'yar na'ura kamar kwalin ashana ke yin sa. Shekara ashirin da takwas kana zaune a karkace kana kallon agogo, ko sau ɗaya ba ka riƙe sitiyari ba. Bar mu mu da muke tuƙi."

Wasu suka yi dariya, wasu suka sunkuyar da kai. Dattijon ya ajiye kofinsa, ya shige ɗaki. Har yau ba wanda ya san abin da ya so ya faɗa.

Magana zarar bunu ce. Washegari Ra'fat ya kwashe hotunansa na jirgi daga falo, bai kuma sake yi wa ɗansa zancen jirgi ba. Midhat ya sha jinin jikinsa, ya ce a ransa zai ba shi haƙuri. Yau ne, gobe ne, sai ya samu aiki a ƙasashen Khalij, wato na Larabawa masu arzikin mai, ya tafi. Yakan zo da Sallah da turare da agogo masu tsada, su gaisa, su yi hirar zafi da cunkoson motoci. Haka aka kwashe shekara goma sha biyu.

Wata rana yayarsa Nagwa, wadda ke jinyar mahaifin tun rasuwar mahaifiyarsu, ta kira shi a waya tana kuka.

"Midhat, ka zo. Jiya Baba ya tambaye ni ko ni 'yar gidan waye."

Ya zo. Ya tarar da dattijon a baranda cikin jallabiya, ya rame. Midhat ya durƙusa, ya kama hannunsa ya sumbata.

"Baba, ni ne Midhat. Na zo neman gafara. Abin da na faɗa ranar nan, ka yafe min."

Dattijon ya janye hannunsa cikin ladabi. "Allah ya yafe mana baki ɗaya, Ustaz. Mitar wuta ka zo dubawa? Tana bayan ƙofa."

Sati uku Midhat yana zuwa kullum. A idon dattijon, wata rana mai duba mita ne shi, wata rana likita, wata rana ko kallonsa ba a yi. Ya kai shi wajen manyan likitoci uku, duk maganarsu ɗaya: ciwon mantuwa ne, ba ya komawa baya. Mutumin da ke ɗaga fasinja ɗari uku ya ƙetare teku da su, ya rasa yadda zai yi ubansa ya gane shi na minti ɗaya. Ni na gan shi a lokacin a bakin ƙofar gidan, wallahi ya ba ni tausayi duk da haushinsa da nake ji.

Nagwa ce ta ji labarin Dokta Girgis, wani likitan haƙori a Madinat Nasr. Shi wannan bawan Allah ya sayi ɗakin matuƙa na wani tsohon jirgi mai injuna huɗu daga wajen masu gwangwan, ya cusa shi a garejinsa, motarsa na kwana a titi. Ya haɗa masa kwamfuta da manyan alluna a gaban tagogi, yadda in ka zauna ciki ka tura totur, wato abin ba injuna wuta, sai ka rantse sama kake. Da Midhat ya ji, sai ya nace su kai mahaifinsu can, ko kujerarsa ta da za ta dawo masa da tunani.

"Sau ɗaya zan yarda," in ji Nagwa. "Baba ba ya jure baƙon wuri. Da na ga ya tsorata, mun tafi, kuma ba za a sake ba."

"Na ji, Abla," in ji Midhat, don haka ake kiran babbar yaya a nan.

Ranar Juma'a bayan an sauko suka je. Suka zaunar da dattijon a kujera ta uku, suka ɗaura masa bel. Ya ɗora hannuwa a cinya yana kallon iska. Girgis ya zauna a dama, Midhat a hagu.

"Kyaftin," in ji Girgis, "wannan tsohuwa ba irin 'yan gayun da kake tuƙawa ba ce, lallaɓa ta ake yi. Kuma yau na kashe kwamfutar da ke riƙe min aikin injiniya a baya, don in Bashmuhandis ya taɓa wani abu ya yi aiki."

"Dokta, awa dubu goma sha huɗu na yi a sama. Kai dai tsaya wa haƙoranka."

Kun ji fa. Hali zanen dutse.

Girgis ya sa su tashi daga Luxor zuwa Alƙahira. Jirgi ya ɗaga lafiya, kogin Nilu ya miƙe a ƙasansu. Midhat yana tuƙi yana waiwaye. "Baba, ka ga Nilu? Baba, ka tuna irin wannan jirgin?" Dattijon yana wasa da bakin jallabiyarsa.

Abin da Midhat bai lura da shi ba shi ne mai. A jiragen da ya saba, mai da kansa yake bin hanyarsa zuwa injuna. Wannan kuwa tankuna ne birjik, sai mutum ya buɗe wannan famfo ya rufe wancan. Tun da suka kai sama injunan ke shan tankin tsakiya, kuma ba wanda ya juya su.

Sai ƙararrawa ta ɗauka. Injin na uku ya mutu. Kafin ya gama kallon agogonsa, na huɗu ya bi. Jirgin ya karkata dama, Midhat ya danne shi da ƙafa da hannu biyu.

"Ina famfunan mai?" ya daka wa Girgis tsawa.

"Suna bayanka, Kyaftin."

Ya miƙa hannu baya iyakar tsawonsa. Bai kai ba. An gina jirgin ne yadda matuƙi ba zai taɓa isa wurin ba, kuma in ya saki sitiyari sun kife.

Na san wani zai ce ai wasa ne, a gareji suke. Haka ne. Amma ƙarar ta fara firgita dattijon, yana ta jan bel yana neman tashi, ga Nagwa a bakin ƙofa tana cewa, "Ku kashe! Ku kashe abin nan, mu tafi gida!" Midhat ya san in aka kashe, damarsa ta tafi ke nan.

"Baba! Don Allah Baba, famfon! Baba!"

Ko gezau. Injin na ɗaya ya fara tari. Gumi ya jiƙa rigar Midhat, idanunsa suka kawo ruwa.

Girgis ya dafa shi. "Kyaftin, a zamaninsu ba a cewa Baba a nan. Kuma injiniya kyaftin yake saurare. Ka kira shi kamar yadda ake kiran mai wannan kujera, ka gaya masa halin da kake ciki."

Midhat ya ce, "Bashmuhandis, na uku da na huɗu sun mutu. Ba zan iya ni kaɗai ba. Yaya maganar mai?"

Dattijon ya saki bel. Ya gyara zama, ya ɗaga kai ya bi agogan da kallo ɗaya bayan ɗaya.

"Wane sakarai ne ya bar tankin tsakiya ya bushe, ga fukafukai cike?"

Nagwa ta toshe baki. Wata shida rabon da ta ji wannan muryar.

Hannayen da ba sa iya ɓalle maɓallin riga suka hau aiki, ƙas, ƙas, ƙas. "Kowane inji na mayar da shi tankinsa. Sauke hancinta, Kyaftin, ba ta gudu. Yanzu kunna na uku." Na uku ya tashi. "Na huɗu." Shi ma ya tashi. Ƙararrawa ta yi shiru.

Suka nufo Alƙahira. Da titin sauka ya bayyana, jirgin ya fara yin ƙasa fiye da kima, sai dattijon ya ce, "Ba ta wuta tun yanzu. Tsohuwa ce, sai ka ƙirga takwas kafin ta amsa." Ya zuro hannunsa ta tsakanin kujeru, ya ɗora a bayan hannun Midhat a kan totur, suka tura tare. Tayoyi suka taɓa ƙasa.

"Hamdala bisa sauka lafiya," in ji dattijon, ya bubbuga kafaɗarsa. "Hannunka yana da kyau, Kyaftin."

Midhat ya kwance bel da sauri, ya durƙusa a ɗan matsatsin da ke tsakanin kujerun. Idon mahaifinsa tar, kamar da.

"Baba, dube ni. Ni ne Midhat."

Dattijon ya dube shi da kyau, ya yi murmushi. "Kai ma da zolaya, Kyaftin. Midhat ɗana ne, yaro ne, ba shi da furfura. Shi ma kyaftin ne, a manyan jirage. Ka san shi?"

Midhat ya ce, "Na san shi. Shi ya aiko ni. Ya ce ya taɓa yi maka rashin kunya a gaban mutane, kuma kullum abin na cin sa. Ya ce ka yafe masa."

Murmushin ya ɗauke. Dattijon ya mayar da kallonsa kan agogai, ya kashe famfunan ɗaya bayan ɗaya.

"Na gode da ka kawo saƙo, Kyaftin. Amma ba a yi wa uba aike a irin wannan magana. Ka ce masa ya zo da kansa, ya san gidan. Na daɗe ina jiransa."

Daga nan ya juya wajen Nagwa ya ce, "Baiwar Allah, ba a ba mu abinci ba ne yau?" Hasken idon ya tafi.

Midhat ya bar aikin Khalij ya dawo gida. Duk Juma'a yana kai mahaifinsa garejin Girgis, Nagwa ma ta daina hanawa. Wani lokaci dattijon ya yi aiki, wani lokaci ya zauna kurum. Ranar da ya yi aiki, in sun sauka, yakan tambaya, "Kyaftin, ka gaya wa yaron nan?"

Midhat yakan ce, "Na gaya masa, Bashmuhandis. Yana hanya."

Darasi: Kada ka rena kujerar da iyayenka suka zauna suka ciyar da kai, kuma in ka ɓata musu, je ka nemi gafara yau tun suna gane fuskarka, domin ba mutuwa kaɗai ke raba ɗa da uba ba. Ku tura wa 'yan uwa da abokai, wataƙila akwai wanda ake jira a gida.