Ranar da Jamilatu Ta Ƙi Goge Sunan Lawali

Akwai wani mutum a Dandin Mahe, cikin ƙasar Shagari, ana kiransa Alhaji Sulaimanu. Shi ne shugaban wata ƙungiyar manoma da ke garin, kuma ba za a ce bai yi mata aiki ba. Da faɗi-tashinsa aka samo tarakta guda da 'yan ƙungiya ke yin haro da ita. Sai dai tun da taraktar ta iso, ya fara jin kamar daga aljihunsa ta fito.

Kowace damina sai an yi rigima kan wanda za a fara yi wa aiki. Wannan ya ce shi aka yi wa alkawari, wancan ya ce ƙarya ne. Har zumunci ya taɓa lalacewa tsakanin wa da ƙane a kan haka.

Ana cikin wannan hali aka turo musu wata malamar gona daga Boɗinga mai suna Jamilatu, suka naɗa ta sakatariya. Ita ce ta buɗe wa ƙungiya kalanda a intanet. Aka zauna gaban kowa aka raba ranaku, ta shigar da sunan kowane manomi a ranarsa.

Kowane ɗan ƙungiya yana da izinin gani a wayarsa. Wanda ba shi da babbar waya sai maƙwabcinsa ya duba masa. Izinin gyara kuwa na shugaba ne da sakatariya. Bilyaminu direban tarakta shi ma yana iya shiga ya nuna gonar da ya gama. Babban makullin, wanda da shi ake ba mutum izini ko a ƙwace, Jamilatu da kanta ta ce a bar shi a wayar shugaba, don girmamawa.

Rigima ta kwanta. Mutum ya san ranarsa, ya tanadi irinsa, ya kwana da kwanciyar hankali.

Da ruwan shuka ya sauka, Alhaji ya aika aka kira Jamilatu ofishin ƙungiya. Ya ce mata akwai wani babban mutum daga Sakkwato da ya sayi gona a bakin hanya, yana son a yi masa haro cikin makon nan. Mutumin ba ɗan ƙungiya ba ne, amma Alhaji ya riga ya ce masa an gama. Don haka ta cire sunan Lawali, ta mayar da shi can ƙarshe, ta sa na baƙon.

Lawali ƙaramin manomi ne mai iyali da yawa. Gonarsa jigawa ce, in laima ta wuce ta wuce ke nan. Kuma kowa ya san shi ne ya fito fili ya ƙi zaɓen Alhaji lokacin da aka yi zaɓen shugaba.

Jamilatu ta ajiye wayarta a kan tebur. Ta ce, "Ranka shi daɗe, wagga rana ta Lawali ce. Gaban kowa anka ba shi ita. In ƙungiya ta zamna ta ce a canza, sai in canza. Amma ni da kai cikin ɗaki, ba ni taɓa ta."

Alhaji ya dube ta sama da ƙasa. Ya ce, "Ke ɗiyar yaushe ce? Sa'adda nike bin ofis-ofis neman wagga tarakta, kina ina?"

Ta ce ba ta musun wahalar da ya sha, kuma tana ganin girmansa kamar na mahaifinta. Amma sunan ba zai gogu da hannunta ba.

Sai ya sauko da murya. Ya ce to ta bar gogewar, shi zai yi. Ita dai ta rufe wa 'yan ƙungiya izinin gani na ɗan lokaci, don kada a yi surutu. Ta ce wannan ma ya fi na farko muni, domin rufe idon mutane ne a kan hakkinsu. Ta yi masa sallama ta fita.

Kafin la'asar Alhaji ya yi amfani da makullin da ke hannunsa. Ya cire Jamilatu, ya cire Bilyaminu, ya rufe wa kowa. Manoma suka buɗe wayoyinsu suka tarar da fili fetal, babu suna babu rana.

Bilyaminu ya same ta a bakin ofishin gona ransa a ɓace. Ya tuna mata cewa ita ta buɗe kalandar tun farko, ta san kalmar sirrin ƙungiya, kuma ya tabbata Alhaji bai canza ta ba. Ta shiga kawai ta mayar da komai yadda yake, kafin ya farga an wuce wurin.

Jamilatu ta dubi wayarta. Ba ƙaramin kwaɗayin yin hakan ta ji ba, domin ta san gonar Lawali, ta san yadda ƙasarta ke shan ruwa ta bushe. Amma ta girgiza kai.

Ta ce, "In na shiga ta taga, mi ya raba ni da shi? Shi ya taɓa abin jama'a a ɓoye, ni ma in taɓa a ɓoye? Ta ƙofa anka fitar da ni, ta ƙofa za ni koma."

Ta kira Alhaji a waya ta gaya masa za ta kai magana gaban Sarkin Noma, dattijon da ke uban ƙungiya, kuma tana so ya kasance a wurin don kada a ce ta yi gulmarsa. Alhaji ya ce ta je, amma ta sani yana da mutane a sama, zai sa a ɗauke ta a jefa ta ƙauyen da ko sabis babu. Ta ce duk inda aka kai ta akwai manoma, aikinta ke nan.

Ta je ta durƙusa gaban Sarkin Noma ta faɗi komai, Alhaji na zaune yana kaɗa ƙafa. Dattijon ya saurara, sannan ya ba ta haƙuri. Ya ce Alhaji babba ne, a bar shi ya tafiyar da abin yadda ya gani, a ga yadda za ta kaya.

Ta fito ba ta samu abin da ta je nema ba. Wasu suka ce ta cika taurin kai, mace da ja da manya. Wata 'yar uwarta daga Dingyaɗi ta kira ta tana roƙonta ta je ta ba Alhaji haƙuri tun kafin a raba ta da wurin aikinta. Jamilatu ta ce ba da haƙuri na wanda ya yi laifi ne.

Shi kuwa Alhaji, sai ga shi riƙe da kalanda shi kaɗai. Da yake ba wanda ke iya dubawa, kowa sai ya kira shi. Yana masallaci waya, yana kasuwa waya, yana cin abinci waya. Sai ya ce wa wani to, ya manta bai shigar ba. Wani kuma sai ya shigar da shi a kan sunan wani. Bilyaminu kuma ba ya iya nuna gonar da ya gama, don haka Alhaji bai san inda aiki ya tsaya ba.

Da safiyar ranar da a da take ta Lawali, mutane suka cika rumfar tarakta. Manoma da dama kowa na rantsuwa Alhaji ya ce masa yau tasa ce. Ga kuma mai kula da gonar babban mutumin nan ya zo da motarsa yana jira.

Lawali bai yi hayaniya da kowa ba. Ya zo da fartanyarsa a kafaɗa, ya zauna a ƙasa daidai gaban tayar tarakta. Ya ce, "Yau ranata ce. In ba gonata za ta ba, sai dai ta bi ta kaina."

Bilyaminu ya kashe inji, ya sauko, ya kai wa Sarkin Noma makullin tarakta. Ya ce ba zai tuƙa ba sai an gaya masa gonar da zai nufa a gaban kowa.

Haka tarakta ta wuni a tsaye, rana na dukan ƙasa, laima na tafiya. Labari ya kai kunnen babban mutumin a Sakkwato. Ya kira Alhaji ya ce shi bai san ranar talaka aka ƙwace aka ba shi ba, a cire sunansa daga wannan abin kunya.

Da yamma Sarkin Noma ya tara ƙungiya. Ya fara da cewa shi ma ya yi kuskure da bai saurari Malama ba tun farko. Aka nemi Alhaji ya buɗe kalanda a gani. Da aka buɗe, shi kansa ya kasa bayanin abin da ke ciki. A nan take 'yan ƙungiya suka sauke shi daga shugabanci.

Sai suka juyo kan Jamilatu. Suka ce ta karɓi babban makullin ita kaɗai, sun yarda da ita. Ta miƙe ta gode musu, ta ce ba za ta karɓa ba, domin ita ma mutum ce, gobe zuciyarta na iya karkata. Ta ce a raba shi tsakanin sabon shugaba da sakatariya da wani dattijo da za su zaɓa, a mayar wa kowa izinin ganinsa, kuma duk canjin da aka yi saƙo ya shiga wayar mai ranar.

Wani matashi daga baya ya ce a fitar da Alhaji daga kalandar gaba ɗaya, a kai gonarsa ƙarshe ya ɗanɗana. Mutane suka fara amsawa da na'am.

Jamilatu ta ce, "A'a. Alhaji ɗan ƙungiya ne, ranatai na nan inda anka aje ta. Ban ƙi don Lawali ne ba. Na ƙi don ba daidai ba ne."

Alhaji ya sunkuyar da kai.

Washegari tarakta ta shiga gonar Lawali. Ƙasar ta ɗan sha iska, amma ta karɓi iri.

Sai dai maganar da Alhaji ya kai sama tun yana cikin fushi ta riga ta yi aiki. Kafin a yi noman farko aka canza wa Jamilatu wurin aiki zuwa Kajiji. Alhajin da kansa ya koma yana neman a janye, aka ce masa bakin alƙalami ya bushe.

Ranar da za ta tafi, ta zauna da Lukman, wanda aka zaɓa sabon sakatare, ta nuna masa yadda ake komai. Da suka gama ta sa aka canza kalmar sirri, sannan ta ce ya cire sunanta daga masu izinin gyara. Lukman ya ce ta bari mana, ai ba wanda zai ce komai, kuma wata rana za su buƙaci taimakonta.

Ta ce, "In kuna son shawara, ga lambata. Amma wanda ya bar ɗaki, ya aje makulli."

Ta tsaya har ta ga sunanta ya fita, sannan ta ɗaura jakarta a bayan babur, ta kama hanyar Kajiji.

Darasi: Izinin da aka ba ka a kan abin jama'a amana ce, ba gadon gidanku ba. Kada ka taɓa hakkin wani a ɓoye don tsoron babba, kada kuma ka bi ta ɓarauniyar hanya ko da gyara ka nufa. Tsayawa kan gaskiya na iya jawo maka asara, amma ba ta zubar maka da mutunci. Ku tura wannan labari ga shugabanni da sakatarorin ƙungiyoyinku, da duk wanda aka damƙa wa makullin abin da ba nasa ba.