Goran Irin Albasar Inna Tasalla

Dije mai kitso ce ta fara ba ni labarin nan, kaina na kan cinyarta, ta ce a garin kakanninta aka yi shi. Ku matso. Wanda ya san zai yi gyangyaɗi ya tashi tun yanzu.

Akwai wata yarinya, Hansatu, marainiya, ita kaɗai Allah ya ba uwarta, Inna Tasalla. Duk abin da suka mallaka 'yar fadama ce mai rijiya ɗaya, inda tsohuwar ke noman albasa. Da Hansatu ta samu shiga makarantar ungozoma, ƙungiyar 'yan garin ta ba ta rancen karatu, fadamar ta zama jingina. Ƙa'idarsu kuwa, in ka gama, takardar shaidarka tana cikin akwatinsu sai ka biya. Ku ji wauta fa: ba takarda ba aiki, ba aiki ba biya. Haka Hansatu ta ƙare a shagon magani tana ƙirga ƙwayoyi, abin da ake ba ta ko maganin tarin uwarta ba ya isa. Shekara uku ba ta kai ko sisi ba. Sai aka aiko cewa da an cire albasar bana za a sayar da fadamar.

Inna Tasalla ba ta yi kuka ba. Cewa kawai ta yi, "A fadamar nan ubanki ya koya mini ban-ruwa. Kada a sayar ina numfashi." Daga ranar Hansatu ta daina iya haɗa ido da ita.

Ƙungiya ta ce ba za ta ko zauna a kan maganar ba sai an kawo rabin abin da ya taru. Sallau, ɗan goggon Hansatu, ɗan acaɓa ne. Ya tura babur ɗinsa kasuwa, ya dawo a ƙafa. Matarsa ta ce, "Mu kuma takardar za mu dafa?" Ya ce, "Shekarar da uwata ta kwanta, Inna Tasalla ce ta goya ni." Ya koma dako a tasha, da furfurarsa.

An kai rabin, amma sai shugaban ƙungiya, Alhaji Mudi, ya yarda kafin a saki takarda. Shi kuwa shekara goma sha biyu ba sa ga-maciji da Kawu Ilu, wan Inna Tasalla, a kan wata rumfar kasuwa, shari'ar ma ta kusa faɗuwa hannun Kawu. Tsohon nan ya taka har zauren Mudi ya durƙusa. Mudi ya ce, "Ilu, yau kai ne a gidana? Ko alƙalin ne ya mutu?" Kawu ya ce, "Rumfar na bar maka. Ka saki takardar yarinya, ta riƙa biya daidai ƙarfinta." Mudi ya yarda, da sharaɗin ta nuna shaidar samun aiki kafin cirar albasa. Kawu ya fito ba rumfa, ba abin da zai jingina tsufansa.

To aiki kuma a ina? Gurbi ɗaya ya fito a asibitin wani ƙauye mai nisa, sunan Lantana ne a sama, na Hansatu na bi masa. Lantana ajinsu ɗaya, mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya biyu. Ta je ta ce ta janye. Hansatu ta riƙe mata mayafi, "Kin haukace? Yaran fa?" Lantana ta ce, "Tawa yunwa ce, na saba da ita. Ke kuwa uwa ce ke mutuwa miki a tsaye. Karɓi kafin zuciyata ta juya."

Fadama ta tsira. Amma Inna Tasalla ba ta ga cirar albasar ba, saura mako biyu tarin ya tafi da ita. Kafin ta cika ta miƙa wa Hansatu goran da take adana irin albasarta, ta ce, "Za ki yi nisa. Fadamar nan gida ɗaya take iya ciyarwa, kada ki raba ta, kada ki bar ta ta bushe. Ki damƙa goran nan, da fadamar, ga wanda ya cece ta." Ba ta ambaci suna ba, Allah ya jiƙanta.

Aka yi sadakar bakwai. Su ukun duk sun zo, sun yi gaisuwa, babu wanda ya ko kalli goran. Washegari da safe Hansatu ta ɗaure shi a gefen zane, ta fito. Motar ƙauyen za ta tashi da hantsi. Ta tsaya a mararrabar da hanya ta rabu zuwa gidajen nan uku, hawaye na zuba, ta kasa ɗaga ƙafa.

To, ku da ke zaune, ban son jin "a raba", mamaciya ta hana. Sallau, Kawu Ilu, ko Lantana: a ƙofar wa Hansatu za ta ajiye goran?