Kafintan da Likita Ya Ƙaryata

Akwai wani likita da ma'aikatan asibitinsu suke yi wa laƙabi da Sauri, domin kafin mara lafiya ya gyara zama, shi har ya gama rubuta magani.

Cikin masu zuwa wurinsa akwai wani dattijon kafinta mai ciwon suga, wanda kullum yake yi wa kansa allura a gida. Wata uku ana gwada jininsa, suga ya ƙi sauka.

"Baba, kana shan zaƙi a ɓoye," in ji likita.

"Wallahi ba na sha. Ni dai abin da ke damuna..."

"Kowa haka yake cewa. Na gaba ya shigo!"

Dattijo ya tashi ya fita, bai sake dawowa ba.

Bayan wata biyu 'yarsa ta kawo shi ranga-ranga, ƙafa ta kumbura tana wari. Sai da aka yanke masa yatsu biyu. Washegari ta tare likita a bakin ɗakin marasa lafiya, idonta jawur.

"Kai ka kore shi! Shekara biyu ko shayi ba ya sa wa suga, ka mayar da shi maƙaryaci."

Likita ya shiga ɗakin. Ya ja kujera zuwa bakin gadon dattijo, ya miƙa masa sirinji da kwalbar maganin.

"Baba, nuna min yadda kake ɗiba."

Dattijo ya ɗaga sirinjin wajen taga, ya ƙanƙance ido, ya zuƙo. Ko rabin abin da aka rubuta masa bai kai ba.

"Layukan nan sun daina fito min, likita. Kintata nake yi. Sau uku na so in gaya maka."

Likita ya karɓi sirinjin ya ajiye. Ya dubi ƙafar da ke naɗe da bandeji, ya kasa ɗaga kai.

"Laifina ne, Baba. Ka yafe min."

"Na yafe, ɗana. Yatsun dai sun tafi. Ka tsare na wani."

A ranar likita ya koya wa 'yar dattijon ɗibar maganin, ya kuma raka dattijo wurin likitan ido da kansa.

Darasi: Likita, bar mara lafiya ya ƙarasa maganarsa. Kai kuma mara lafiya, kada fushi ya hana ka komawa. Ku tura wa wani ya amfana.