Buhunan Alhaji Sama'ila

Akwai wani dillalin wake a Gusau, Alhaji Sama'ila. Mutum ne mai kuɗi, amma jama'a, girman kai! Ko sallama ka yi masa, sai ya ƙare maka kallo kafin ya amsa.

Da ƙasashen Afirka suka yi ta shiga yarjejeniyar nan ta ciniki ba shinge, wadda ke sassauta haraji a kan kayan da aka noma a cikinsu, sai kasuwa ta buɗe. Wani ɗan kasuwa daga wata ƙasa da ta shigo sabuwa ya nemi wake mota uku. Alhaji ya kwashe duk abin da ya mallaka ya zuba a wake, tun daga Wonaka har Bilbis.

Saura buhu. A kasuwar Tsafe akwai wani tsoho, Baba Jatau, mai sayar da buhu da ɗinke bakinsa. Da Alhaji ya je wurinsa, sai ya hangi tsofaffin buhunan shinkafar waje, masu ƙyalli da zanen giwa da rubutun wata ƙasa ta can ƙetaren teku. Kowa ya san haka muke yi, a ci shinkafa a zuba wake a buhun.

"Waɗanga nike so," in ji Alhaji. "Sun fi kyau, sun fi araha."

Baba Jatau ya aje basillarsa. "Alhaji, in ƙetare za ka kai, kar ka zuba a ciki. Na je taron da anka yi Gusau. An ce sai an tabbatar nan anka noma kaya. A yanki takardar shaida, a sa farin buhu, a rubuta sunan gari."

Alhaji ya tuntsire da dariya. "Ku ji mini tsoho! Mai ɗinkin buhu za shi koya mini fatauci? Ka taɓa wuce Funtuwa kuwa?"

Mutane suka yi dariya. Baba Jatau ya ɗinke masa buhunan tsaf.

Kwana huɗu da tashin motoci, waya ta yi ƙara. Tukur ne, babban direban Alhaji.

"Alhaji, an tsare mu a boda. Sun ce buhu ya nuna kayan ƙetaren teku ne, ba mu da takardar da za ta ƙaryata. Babu sassauci, kuma sai an yi bincike."

"Mi? Waken Bilbis ne fa! Su buɗe su gani!"

"Sun buɗe, Alhaji. Sun ce wake ba ya faɗin garinsu."

Innalillahi! Alhaji ya shiga neman mafita. Ya buga waya nan, ya buga can, babu wanda ya iya komai. Mako uku motoci na tsaye, ruwan bazara ya sauka a kansu, rana ta biyo baya. Wake ya yi ƙwari, na ƙasa ya ruɓe. Mai saye ya gaji ya janye.

Abin da ya ƙarasa shi kuwa, Tukur ya ce yana tsaye wata mota ta zo da fararen buhuna, an rubuta Bungudu da shuɗin fenti. Na ƙungiyar wasu ƙananan manoma ne da suka ji shawarar Baba Jatau. Ko awa biyu ba su yi ba aka ɗaga musu hannu. Kuma mai sayen nan nasa, su ya koma wa.

Ranar kasuwar Tsafe, sai ga Alhaji a ƙasa, ba mota. Wallahi mutane sun daina ciniki suna kallo. Ya zo ya durƙusa gaban tsohon da ya yi wa dariya.

Baba Jatau ya matsa masa a tabarma, ko a fuska bai nuna komai ba. "Sannu da zuwa, Alhaji. Buhu nawa za a ba ka?"

Alhaji ya sunkuyar da kai, hawaye na zuba. "Baba, ba ni da abin zubawa."

Darasi: Kasuwa ta faɗaɗa, ƙa'idojinta ma sun canja. Kada ka raina mai ba ka shawara don tufafinsa ko sana'arsa, wataƙila shi ya ji abin da kai ba ka ji ba. Ku tura wa 'yan kasuwarmu da manomanmu, kada wani ya sake tafka irin wannan asara.