Yunwar Alhaji Mainasara

Malaminmu, Allah Ya ƙara masa yarda, kogi ne a fiƙihu da tafsiri, mai tsentseni da gudun duniya, wanda duk shekarun da na yi a zaurensa a Daura ban taɓa ganin ya bar loma a kwano ba, ban kuma taɓa ganin ya nemi ƙari ba. A da, Allah Ya yafe mini, na ɗauka tsufa ne ya rage masa ci.

A shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a a jiharmu, wani dillalin shanu daga Sandamu, Alhaji Mainasara, ya zo masa a rame, riga na yawo a jikinsa. Gidansa kullum tiya shida ake tuƙawa, ban da nama, shi kuwa yana cin na mutum uku ya tashi da yunwa, ga shi asibiti sun ce ba su ga komai ba. Ya tabbata sammu aka yi masa, ya kuma tabbata ajali ya matso, don haka ya roƙi rubutun sha.

Na miƙe zan ɗauko allo, Malam ya ɗaga mini hannu. Sannan ya ce, "Alhaji, yunwar nan ba taka ba ce. Ka raba awon gidanka biyu, rabi a tuƙa, rabi a kai shi tsaba gidan da ke bayan katangarka ta gabas."

"Allah gafarta Malam, yunwa nake ji, a ce kuma in rage?"

"Ka rage."

Ni kaina na rasa gane wannan magani. Malam bai taɓa taka Sandamu ba, to ina ya san katangar gabas? Ya umarce ni in bi Alhaji, na bi shi raina cike da wasiwasi.

A bayan katangar muka tarar da jujin da ake zubar da ragowar abincin gidan, kusa da shi kuma wani ɗan gida na wata bazawara, Haulatu, da marayunta huɗu. A tsakar gidan an shanya gutsattsarin tuwo a kan tabarma. Alhaji ya tsaya yana kallo, ya gane tuwon gidansa ne.

Da ta ga buhun dawar da muka kawo mata sai ta rikice, ta ce, "Alhaji, ko an hana mu ɗiba ne? Shekara biyu ke nan ina tsintar mai tsabta, in busar, in jiƙa wa yara. Kullum addu'a nake maka, Allah Ya ƙara maka, don kada a daina zubarwa."

Alhaji ya durƙusa a wurin yana kuka, ni ma na kasa riƙe hawaye don kunya. Da azahar aka kawo masa tuwo, ya yi loma bakwai a gabana, ya ture kwanon ya ce ya ƙoshi. Bai sake ramewa ba.

Har yau ban san yadda yunwa ke tsallake katanga ba. Da na tambayi Malam, murmushi ya yi ya ce, "Sha'aban, zuba daidai cikinka, akwai mai jiran saura."

Tsarki ya tabbata ga Wanda Yake sanar da bayinSa abin da Ya so. Allah Ya haskaka kabarin Malam, Ya ba mu albarkarsa, Ya tsare mu daga ƙoshi alhali maƙwabci na tsince-tsince a jujinmu. Amin.