Ranar da Anti Ƙila Ta Ce Tabbas

Akwai wata masaniyar kimiyya da abokan aikinta suka laƙaba wa suna Anti Ƙila. Jama'a, tun da na ji labarin matar nan raina yake fari, shi ya sa na ce wallahi sai kun ji.

Aikinta leƙen cikin magani ne. Za ta ɗauki 'yar ƙwayar magani mai ƙyalli wadda ba ta kai ƙwayar sukari ba, ta manna ta a bakin wani siririn tsinke, ta sa a na'ura. Na'urar ta harba mata hasken eksire, hasken ya tarwatse ya fito ɗigo-ɗigo a allon kwamfuta, wani ɗigon tar, wani dishi-dishi. Daga ƙarfin hasken ɗigon nan ake gano yadda ƙirar maganin take.

To, babu awon da ba shi da kuskure. Don haka kowane ɗigo lamba biyu ake ba shi: ƙarfin haskensa, da kuma iya nisan da awon zai iya kauce wa gaskiya. Kowa ta farkon yake kallo. Ita kuwa ta biyun take fara dubawa, kuma in ka matsa mata da tambaya sai ta ce, "Ƙila haka ne, amma bari mu ga kuskuren."

Har gida sunan ya bi ta. Maigidanta alƙalin wasan ƙwallo ne, kullum cikin zolayarta yake. "Dokta, ni da zan hura usur in ce ƙila fanareti ne, ai a asibiti za ki same ni."

Ana nan sai cibiyarsu ta samo wani sinadari daga ɓawon itace, mai kwantar da jijjigar yara. Wani kamfani ya yarda zai riƙa haɗa shi, amma sai an gaya masa abu ɗaya. Sinadarin kala biyu ne, masu kama da juna kamar hannun dama da na hagu. Ɗaya yana warkarwa, ɗayan kuwa shan sa da shan ruwa duk ɗaya. Wanne ne a cikin itacen?

Amsar tana cikin ɗigon nan. Kowane ɗigo yana da ɗan'uwansa a ɗaya gefen allon, kuma ɗan bambancin hasken da ke tsakaninsu shi ke nuna dama ko hagu. Bambancin kuwa ƙanƙani ne ƙwarai.

Aka haɗa ta aikin da wani takwaranta, masani ne na gaske amma akwai hura hanci. Dokta An-Gama ake ce masa, don ba a taɓa jin ya ce "ban sani ba". Ya kalli allo sau ɗaya ya tafa hannu. "Dama ne! Kwamfuta ta faɗa. An gama."

Anti Ƙila ta ce, "Dokta, dakata. Na'urar nan ta auna ɗigo ɗaya sau da yawa, kuma awon yana ta tsalle, ya zarce kuskuren da kwamfutar ta rubuta nesa ba kusa ba. Kwamfutar daɗin baki take mana. In aka sa kuskuren gaskiya, bambancin nan ya nutse a ciki. Ba mu san amsa ba tukuna."

Ya kwashe da dariya. "Kai, Anti! Ke ko sunanki aka tambaye ki sai kin duba kuskure."

Magana ta kai gaban Farfesa, shugaban cibiyar, wanda ya riga ya yi wa kamfani alkawari. Ya turo mata takardar da ke cewa dama ne. "Sa hannu a wuce wurin."

"Ranka ya daɗe, ba zan iya ba. In muka yi kuskure, uwa za ta ɗura wa ɗanta magani yana jijjiga, tana jiran sauƙin da ba zai zo ba."

Ran Farfesa ya ɓaci. A take aka cire ta daga aikin, aka ɓalle sunanta daga ƙofar ɗakin da ita ta kafa shi da hannunta, aka ce ta je ta koya wa sababbin ɗalibai riƙon sikeli. Aka kuma shaida mata cewa in shekara ta ƙare ba za a sabunta mata aiki ba.

Ta yi kuka, ba zan ɓoye muku ba. A kicin ta yi shi, tana wanke kofi ɗaya har ya gaji da wankuwa. Maigidan ya karɓe kofin ya ce, "Maman yara, kin tabbata ke ce da gaskiya?"

"Ban ce sun yi kuskure ba, Baban yara. Na ce ba mu sani ba."

"To ki je ki sano mana."

Washegari ta koma ta roƙi abu biyu: ragowar garin maganin da ya maƙale a kwalba, da izinin taɓa na'ura lokacin da kowa ya fita cin abinci. Farfesa ya ɗaga kafaɗa ya ce ta je ta yi ta fama.

Haba, sai ga aiki! Ta yi ta renon sababbin ƙwayoyi a cikin firij, wasu su fashe, wasu su fito a karkace, har ta samu guda mai kyau. Sannan ta zauna neman dalilin tsallen awon. Ashe iskar sanyin da ake hura wa ƙwayar ce ke kaɗa tsinken, kaɗawar da ido ba ya gani. Ta gajarta tsinken, ta saita iskar, ta auna, ta sake aunawa, ta kuma sakewa. Kuskuren ya yi ta raguwa da kansa, ba tare da ta taɓa lamba ko ɗaya da hannu ba.

Kafin kamfanin ya fara aiki, ya turo ƙwararru su tantance. Ɗakin taro ya cika maƙil. Dokta An-Gama ya sha kwat, ya zuba bayani, aka yi masa tafi. Anti Ƙila tana can kujerar baya.

Sai shugabar ƙwararrun, wata dattijuwa mai farin gilashi, ta ɗaga biro. "Dokta, tambaya ɗaya. Awonka yana tsalle fiye da kuskuren da ka rubuta. Wa ya gwada kuskuren nan?"

"Ai... kwamfuta ce ta bayar."

"Na sani. Wa ya bincike ta?"

Ya hau jujjuya takardunsa. Dattijuwar ta rufe fayil ta ce da wannan awon ba za a iya cewa dama ko hagu ba, don haka aikin ya tsaya. Farfesa ya waiga baya a hankali, murya ƙasa-ƙasa ya ce, "Dokta, ko kina da abin cewa?"

Ta taso ta jona kwamfutarta. Ta nuna tsohon awo da kuskurensa na gaskiya, ta nuna tsinken da iskar, ta nuna sabon awo. Ga bambancin nan ya fito ɓaro-ɓaro, ya yi wa kuskuren fintinkau. Dattijuwar ta daɗe tana bin lambobin, sannan ta cire gilashi. "To 'yata, wane hannu ne?"

"Hagu ne."

Wani daga baya ya yi suɓul da baka. "Ƙila?"

Ta juyo ta dube shi. "Tabbas."

Wayyo, ina ma kuna wurin! Ɗakin ya ɓarke da tafi, har da masu buga tebur. Dattijuwar ta ce, "Kan tabbacin matar nan zan sa hannu, don na ga ta san inda saninta ya tsaya." Da an bi maganar farko, da kamfani ya cika kwalabe da abin da ba ya magani.

Dokta An-Gama ya zo ya tsaya gabanta. Ba ta ce masa "ai na faɗa" ba. Cewa ta yi, "Dokta, gobe ka zo mu duba sauran awon tare." Farfesa kuwa da kansa ya ɗauki sukudireba ya mayar da sunanta a ƙofa.

Da ta isa gida, maigidan ya tare ta a bakin ƙofa yana hura usur, yara suna tsalle. Ya ce, "Dokta, saura tambaya ɗaya. Kina sona, ko sai kin duba kuskure?"

Ta yi dariya har da hawaye. "Wannan na daɗe da aunawa, Baban yara. Babu ƙila a ciki."

Yau maganin yana kantuna, kuma na hagun ne.

Darasi: Kada ka ji kunyar cewa "ban tabbatar ba tukuna". Wanda yake faɗin iya kuskurensa da gaskiya, ranar da ya ce "tabbas" kowa zai miƙe ya saurare shi. Ku tura wa duk wanda ake yi wa dariya don ya ƙi faɗin abin da bai sani ba.